Wake ɗaya shi ke ɓata gari: Yadda masu wasan Dungeons & Dragons ke fama da ɗan wasa mai fitina

A shekarar 1979, Gary Gygax, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka ƙirƙiro wasan Dungeons & Dragons a Amurka, ya fitar da littafin da ke koya wa jagororin wasan aikinsu. A cikinsa ya ware sashe guda kan yadda za a yi da ɗan wasan da ya addabi abokan zamansa.

Daga cikin shawarwarinsa har da cewa jagora na iya sauko da aradu a kan jarumin da fitinannen ke wasa da shi, ko ya turo masa fatalwa ta far masa ba zato ba tsammani, ko kuma ya zabtare masa makin kwarjini har abada. Wanda ya ƙi jin duk wannan, sai a sallame shi.

Fiye da shekara 40 ke nan, amma matsalar na nan daram. Abin da ya sauya shi ne maganin. A yau akasarin ƙwararrun jagorori na kallon hukunta jarumin labari saboda laifin mai shi a matsayin kuskure, domin a ganinsu rigimar da ta taso tsakanin mutane ba ta warwaruwa sai mutanen sun zauna sun yi magana.

Wane irin wasa ne wannan?

Dungeons & Dragons, wanda aka fi sani da D&D, ya fara fita kasuwa ne a 1974. Gygax da abokin aikinsa Dave Arneson ne suka tsara shi, kuma kamfanin TSR da ke garin Lake Geneva a jihar Wisconsin ya buga kwafi 1,000 a karon farko.

Kamfanin Wizards of the Coast ya sayi TSR a 1997, shi kuma Hasbro ya saye Wizards of the Coast a 1999. Kamfanin ya ce sama da mutum miliyan 50 ne suka taɓa buga wasan a faɗin duniya.

Wasan ya yi kama da tatsuniya, sai dai masu sauraro su ne jaruman labarin. Mutum huɗu zuwa shida kan zauna kewaye da tebur. Ɗaya daga cikinsu shi ne jagora, wanda ke bayyana gari da daji da sarakuna da dodanni. Sauran kuwa kowa na da jarumi ɗaya da ya ƙirƙira: mayaƙi, ko ɓarawo, ko mai sihiri, ko mai warkarwa.

Jagora zai ce an iso ƙofar wani kogo, kowane ɗan wasa ya faɗi abin da jaruminsa zai yi. Idan abin na da haɗari, sai a jefa ƙwaya irin ta wasan ludo, amma mai fuska 20, lambar da ta fito ita za ta nuna ko an dace.

Ba a cin kowa a wasan, ba a kuma sa kuɗi. Zama ɗaya kan ɗauki awa uku zuwa huɗu, labari guda kuma na iya ɗaukar shekara biyu ko fiye ana haɗuwa duk mako.

A nan ne gizo ke saƙar. A wasan ludo ko kati, idan wani ya ɓata wa mutane rai, minti talatin an tashi. A D&D kuwa mutum ɗaya na iya lalata labarin da mutum biyar suka shafe watanni suna ginawa, kuma babu alƙalin wasa daga waje da zai ɗaga masa jan kati.

Wasan ya ƙara samun karɓuwa bayan fitowar bugu na biyar a 2014, da fara shirin Critical Role a 2015 inda wasu 'yan wasan kwaikwayo ke buga shi kai-tsaye a intanet, da kuma fim mai dogon zango na Stranger Things a 2016. Kullen korona na 2020 ya tura dubban mutane zuwa manhajoji irin su Roll20 da Discord, inda ake wasa da mutanen da ba a taɓa gani ba. Sababbin fuskoki sun ƙaru, saɓani ma ya ƙaru.

Ire-iren masu tayar da ƙura

Masu wasan sun daɗe da raɗa wa fitinannunsu sunaye.

Akwai mai babakere, wanda ba ya barin kowa ya buɗe baki. Idan 'yan wasa biyar suka yi zaman awa huɗu, rabon kowa bai wuce minti 48 ba, tun kafin a cire lokacin da jagora zai yi bayani. Mutum ɗaya ya cinye awa biyu, to wani zai koma gida bai ce uffan ba.

Akwai wanda suke kira lauyan dokoki. Ya haddace littattafan wasan, kuma a shirye yake ya tsayar da yaƙi ana tsakiyar gwabzawa don a yi gardamar rabin awa kan sakin layi ɗaya, musamman idan hukuncin bai yi masa daɗi ba.

Akwai mai kisan ba gaira ba dalili. Jagora ya kwana yana shirya wani dattijo da zai ba jarumai labarin inda taska take, kafin dattijon ya gama sallama wannan ya zare takobi ya sare shi.

Akwai mai maguɗi, wanda ke jefa ƙwaya a bayan littafi ya yi wuf ya ɗauke kafin a gani. Lissafi kan tona masa asiri: damar samun 20 a jifa ɗaya ita ce ɗaya cikin 20, samunta sau uku a jere kuwa ɗaya ce cikin 8,000.

Sai mai saɓa alkawari, wanda ke aiko da saƙon ba zai samu zuwa ba bayan kowa ya hallara, da wanda ke zuwa amma hankalinsa na kan waya.

Wanda aka fi kuka da shi shi ne mai fakewa da jaruminsa. Zai sace dukiyar abokan tafiya ko ya ci amanarsu, idan an yi magana ya ce ai halin jarumin nasa ke nan. Amsar da jagorori kan bayar ita ce, shi ne ya ƙirƙiri jarumin, shi ne kuma ke zaɓa masa abin da zai yi, don haka yana iya ƙirƙirar wanda za a iya tafiya da shi.

Na ƙarshe, wanda ya fi kowa haɗari, shi ne mai amfani da labarin wajen cin zarafin mutanen da ke zaune da shi: maganganun batsa ga jarumar wata 'yar wasa, ko ba'a kan launin fata ko addini, ko tsangwamar wani da sunan raha.

Ba kowane saɓani ne fitina ba

Kafin a yanke wa mutum hukunci, akwai tambayar da ake so jagora ya fara yi wa kansa: shin mugun hali ne, ko kuwa abin da mutumin ya zo nema ne ya bambanta da na saura?

Marubucin wasanni ɗan ƙasar Kanada, Robin D. Laws, ya yi bayanin wannan a wani ɗan littafi da ya fitar a 2002 kan dabarun jagorancin wasa. Ya kasa 'yan wasa gida bakwai. Wani burinsa jaruminsa ya yi ta ƙara ƙarfi, wani faɗa kawai yake so, wani tsara dabarun yaƙi, wani shiga rigar jarumi kamar ɗan fim, wani daɗin labari, wani yana da irin jarumi ɗaya tak da yake so a kullum, wani kuma zaman hira da abokai ne ya kawo shi.

Idan aka haɗa mai son faɗa da mutum huɗu masu son doguwar muhawara a fadar sarki, gundura za ta kama shi. Sau da yawa wanda ya sare dattijon nan ya gaji ne da zaman awa biyu ba a zare takobi ba. Irin wannan maganinsa na hannun jagora: ya riƙa sanya wa kowa abin da yake so a kowane zama, ko da kaɗan ne.

Haka ma mai latse-latsen waya. Wani raini ne, wani kuma yana da larurar da ke hana shi tattara hankali na dogon lokaci, wani kunya ce ke hana shi magana sai ya fake da wayar. Ba a sanin wanne ne sai an tambaya.

Me ya sa aradun Gygax ba ya aiki?

Dalili na farko shi ne saƙon ba ya isa. Wanda aka kashe wa jarumi ba tare da bayani ba zai ɗauka rashin sa'a ce, ko kuma ya gane da gangan aka yi ya ƙullaci jagora. Ko ta wace hanya, bai ji ainihin ƙorafin ba.

Na biyu, wasan gaba ɗaya ya dogara ne da amincewar da aka yi wa jagora cewa ba ya son kai. Ranar da 'yan wasa suka ga ya yi amfani da dodanni wajen ramuwar gayya, daga ranar duk masifar da ta faɗa wa jarumansu za su fara zargin da biyu aka yi.

Na uku, mai neman a kula shi ya samu abin da yake so, domin labarin ya koma kansa kacokan.

Wani shirin barkwanci na talabijin a Amurka mai suna Community ya nuna wannan a wani kashi da aka haska a 2011. Wasu ɗalibai sun shirya wasan D&D don faranta ran wani abokin karatunsu da ke cikin matsananciyar damuwa, amma suka ƙi gayyatar wani dattijo da ke cikin rukuninsu mai suna Pierce. Da ya gano, sai ya kutso cikin wasan, ya ƙwace takobin da yaron ya fi ji da shi, ya yi ta wulaƙanta shi.

Abin da ke cin Pierce ba ya cikin labarin. Haushin wariyar da aka yi masa ne, kuma tun kafin a jefa ƙwayar farko yake tare da shi.

Rigakafi: zaman share fage

Babban sauyin da aka samu a 'yan shekarun nan shi ne al'adar yin zama na musamman kafin a fara labari, wanda ba a wasa a cikinsa sai tattaunawa. Masu wasan na kiran sa zama na sifili. Ya samu gurbi a littattafan kamfanin a hukumance a 2020, cikin littafin Tasha's Cauldron of Everything.

A wannan zama ake yanke irin labarin da za a yi, na ban tsoro ne ko na ban dariya. A nan ake amsa tambayoyin da kan haddasa rigima daga baya: An yarda jarumai su yaƙi juna ko su yi wa juna sata? Mutum nawa za su rasa zuwa kafin a ɗage zama? Idan gardama ta taso kan doka, wa ke da maganar ƙarshe?

Rukunoni da dama kan amince cewa jagora ya yanke hukunci nan take a ci gaba da wasa, a duba littafi bayan an tashi. Wannan kaɗai kan kwantar da lauyan dokoki, wasu jagororin ma kan naɗa shi mai duba musu littafi, sai iliminsa ya koma amfanin kowa.

A zaman ne kuma ake shata iyaka kan abubuwan da ba a so su fito a labari. Mai tsara wasanni Ron Edwards ya gabatar da wata dabara a 2003 da ta raba su gida biyu. Akwai abin da aka ja wa layi, wanda ba zai fito ba sam. Akwai kuma wanda aka saya wa labule, wato za a san ya faru amma ba za a yi bayaninsa dalla-dalla ba.

Wani mai suna John Stavropoulos kuma ya ƙirƙiro katin X. Kati ne da aka zana wa harafin X aka ajiye a tsakiyar tebur. Duk wanda labarin ya taɓo masa wani tabo, sai ya taɓa katin, a sauya akala ba tare da an nemi ya yi bayani ba.

Ba kowa ne ke son waɗannan dabaru ba. Wasu tsofaffin 'yan wasa na ganin abokan da suka san juna ba sa buƙatar kati kafin su faɗi abin da ke ransu. Masu goyon baya kuma na cewa an yi su ne domin baƙo da mai kunya, waɗanda ba za su iya katse mutum biyar su ce abu ya dame su ba.

Amfanin zaman share fage na fitowa ne ranar da aka samu matsala. Maimakon jagora ya ce wa mutum halinka ba shi da kyau, sai ya tuna masa abin da shi da kansa ya amince da shi tun farko.

Idan rigakafin bai yi ba

Matakin da kusan kowa ya yarda da shi shi ne a keɓe da mutumin a yi magana, ba a gaban jama'a ba, ba kuma ana tsakiyar wasa ba. Wanda aka tsawatar wa a bainar jama'a kare kansa zai yi, ko da ya san bai kyauta ba.

Ana so a ambaci abin da ya faru takamaimai. A ce masa yana da son kai, gardama za ta biyo baya. Amma a ce, "Jiya sau uku tana fara magana kana katse ta, daga nan ba ta sake cewa komai ba," wannan abu ne da zai iya tunawa ya kuma gyara.

Daga nan sai a saurare shi. Wataƙila bai ma lura ba. Wataƙila shi ma yana da nasa ƙorafin, kamar a ce an yi wata guda labarin bai waiwayi jaruminsa ba.

Sai a faɗi abin da ake so ya sauya, a kuma ba shi dama ta zama biyu ko uku. Mafi yawan saɓani a nan yake mutuwa, domin galibin masu ɓata wasa ba da niyya suke yi ba.

Wannan nauyi bai kamata ya zama na jagora shi kaɗai ba. Shi ne ke shirya labari, sau da yawa shi ne mai masauki, sannan a ɗora masa aikin sasanci. Ɗan wasan da ya juya ya tambayi na kusa da shi me jarumarta za ta yi, ya rage wa mai babakere ƙarfi ba tare da an yi faɗa ba.

Sai dai akwai laifin da ba ya jiran waɗannan matakai. Cin zarafi, ko barazana, ko neman wata da lalata bayan ta nuna ba ta so, dalilai ne na sallama nan take.

Wani lokaci jagoran ne matsalar

A 2019, a babban bajekolin wasanni na UK Games Expo da ake yi a birnin Birmingham na Birtaniya, wani jagora ya sanya fyaɗe a cikin labarin da yake jagoranta, aka aikata shi a kan jaruman 'yan wasan ba tare da ya gargaɗe su ba. Mahalarta sun koka, masu shirya taron suka kore shi tare da haramta masa sake jagorantar wasa a wurin. Labarin ya kai ga kafofin yaɗa labarai, ciki har da BBC.

Lamarin ya ƙara ƙarfafa masu kira da a riƙa neman amincewar 'yan wasa kafin a shigo da abubuwa masu tayar da hankali. A shekarar ce kuma kamfanin Monte Cook Games ya fitar da wani ɗan littafi kyauta mai suna Consent in Gaming, ɗauke da takardar da kowane ɗan wasa zai cike ya nuna abin da ya yarda da shi da wanda bai yarda ba.

Ko ba a kai ga haka ba, jagora mai fifita budurwarsa ko amininsa, ko wanda ya riga ya rubuta ƙarshen labari ba ya barin zaɓin kowa ya yi tasiri, shi ma fitina ne. Hanyar gyaran ɗaya ce, a same shi a keɓe a faɗa masa.

Me ya sa sallama ke da wuya?

Rukunoni da yawa kan gwammace su watse baki ɗaya a kan su ce wa mutum ɗaya ya daina zuwa. Wasu kan yi ƙaryar an dakatar da wasa, sannan su koma haɗuwa a ɓoye.

Wata maƙala da Michael Suileabhain-Wilson ya rubuta a 2003, wadda har yau ake yawan ambato a tsakanin masu wasan, ta yi ƙoƙarin gano dalili. Ya lissafa kurakuran tunani biyar da ke damun irin waɗannan rukunoni, na farkonsu shi ne ɗaukar duk wanda ya ware wani a matsayin azzalumi.

A bayaninsa, da yawa daga masu irin wannan sha'awa sun sha wariya da tsokana a makaranta, don haka ba sa son su yi wa wani abin da aka yi musu. Sakamakon shi ne a yi ta kawaici ga mutum ɗaya har masu haƙuri su gaji.

Kuma masu haƙurin ba sa yin hayaniya. Sai dai a ga wannan ta ce aiki ya yi mata yawa, wancan ya ce gidansu ya yi nisa. Jagoran da ya kasa sallamar mutum ɗaya kan wayi gari ya rasa uku, a bar shi da wanda ya kore su.

Idan har ta kai ga rabuwa, shawarar da aka fi bayarwa ita ce a yi ta a taƙaice, cikin mutunci, ba tare da buɗe ƙofar muhawara ba. Jagora na iya cewa, "Mun yi magana sau biyu abin bai sauya ba, don haka ba za mu ci gaba da wannan labarin tare da kai ba. Zumuncinmu na nan." Ba a tara masa mutane kamar kotu, ba a kuma bin sa da tonon silili bayan ya tafi.

Sau da yawa zumuncin kan tsira, domin ba kowane aboki ne abokin kowane wasa ba. Wanda bai dace da wannan tebur ba na iya zama tauraro a wani inda kowa faɗa ya zo yi. Ɗan wasan da kuma ya ga shi kaɗai ne abin ke damu, kuma an ƙi gyarawa, yana da 'yancin tattara takardunsa ya nemi wani rukuni. Akwai maganar da ta zama ruwan dare a tsakaninsu, cewa gara rashin wasa da mugun wasa.

Saura jarumin wanda aka sallama. Wasu jagororin kan so su huce a kansa, su sa dodo ya haɗiye shi a zama na gaba. Gogaggu kan hana, domin sauran 'yan wasan na kallo, kuma kowa na auna yadda za a yi da nasa idan wata rana ya tafi. Abin da aka fi yi shi ne a ce jarumin ya samu saƙo daga garinsu, ya yi sallama da abokan tafiya a mararraba, labari ya ci gaba da waɗanda suka rage.